Kwamfutar tebur mai haɗe da allo: Abin lura kafin saye a yankin Goronyo

Kwamfutar tebur mai haɗe da allo ita ce wadda aka cusa injinta da lasifika da kyamara a bayan allon, ba ta da akwati daban. Samfurin iMac da kamfanin Apple ya fitar a 1998 ne ya yaɗa ta, daga baya HP da Dell da Lenovo suka cika kasuwa da nasu.

A garuruwan Goronyo da Wurno, inda noman rani ya dogara da ruwan madatsar da aka gina a kan kogin Rima, ƙungiyoyin manoma da na matasa na buƙatar irinta domin adana sunayen mambobi, kuɗin ruwa da lissafin rabon taki. Rubutaccen lissafi shi ne hujjar manomi ranar da aka ce sunansa ba ya cikin jeri.

Wuta kafin komai

Wannan kwamfuta ba ta da batir. Da zarar wuta ta ɗauke sai ta mutu, aikin da ba a adana ba ya salwanta. Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a Jihar Sakkwato, amma ƙauyuka da dama sun dogara da sola. Don haka a haɗa kuɗin UPS ko inbata da batir cikin kasafi tun farko. Galibin ƙananan samfura na amfani da caja mai wat 65 zuwa 90, abin da ƙaramin tsarin sola zai iya ɗauka.

Abin dubawa a kasuwa

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa na buƙatar TPM 2.0, kuma a injinan Intel sai ƙarni na 8 zuwa sama. Masu sayen ta hannu a titin Beirut na Kano ko a Sakkwato su tabbatar da wannan, su nemi RAM na gigabait 8 da ma'adanar SSD. A kunna ta a gaban mai shago, a gwada allo da kyamara da kowace kafar USB, sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar.

Babban rauninta shi ne gyara. Idan allon ya fashe, aiki ya tsaya cak, kuma samun madadinsa yakan kai mutum birni.

Girkawa

Zafin bazara a Sakkwato kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka. A ajiye ta nesa da taga, a bar tazara tsakaninta da bango, a lulluɓe ta bayan ta huce. A buɗe asusu daban ga sakatare da ma'aji, kowa da kalmar sirrinsa.

Kada a dogara da intanet kaɗai. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro. A girka manhajar da ke aiki ba tare da intanet ba, irin su LibreOffice wadda kyauta ce, kuma a riƙa kwafe bayanai a filashi duk mako, a ajiye shi a wani gida daban.