Jan Layin da ke Kan Takardar Gwaji

Duk wanda aka taɓa huda masa yatsa a asibitin Treichville cikin birnin Abijan, ko a wani ɗakin shan magani na Adjamé, ya san 'yar takardar nan da ake ɗiga wa jini, a zauna jiran jan layi ya fito. Kaɗan ne suka san cewa a yawancin irin takardun nan jan layin zinariya ne. Zinariya kuwa ba ja ba ce a idon mai saye a kasuwa. To, ƙaƙa ta zama ja?

Idan aka farfasa zinariya har ta yi ƙanƙantar da sai an jera ƙwayoyinta kamar 2,000 kafin su kai kaurin gashi ɗaya, ba ta ƙara ƙyalli. Takan shanye koren haske, ta bar ja. Mai karatu zai tuna yadda Musa ya niƙe ɗan maraƙin zinariya ya barbaɗa a ruwa, cikin Fitowa sura 32, amma wannan ta fi garin nan laushi nesa ba kusa ba, gama ba dutsen niƙan da zai iya yinta. Romawa sun yi aiki da ita ba tare da sun gane dalili ba. Akwai wani ƙoƙon gilashi nasu na ƙarni na 4, yana gidan tarihi na Landan, wanda yake kore ne, amma in an sa fitila a bayansa sai ya koma ja.

Wanda ya fara bin diddigin al'amarin shi ne Michael Faraday na Ingila, ɗan maƙeri, wanda bai yi nisa a makaranta ba, daga baya kuma ya zama dattijo a wata ƙaramar ikkilisiya. A shekara ta 1857 ya nuna ruwan da ya haɗa mai ja kamar jan yaƙutu, ya ce ƙwayoyin zinariya ne ke yawo a ciki. Ya kuma lura da abin da ya fi wannan muhimmanci: da ya zuba gishiri, sai ruwan ya juya zuwa shuɗi. Yau an san dalili. In ƙwayoyin suna warwatse, ja ne; in wani abu ya tara su wuri ɗaya, launi ya sake. Ashe ke nan zinariya tana iya ba da labarin abin da ya shiga cikin ruwa. Kwalaben Faraday suna nan a Landan har yanzu da launinsu.

A 1912 wani likitan Jamus, Carl Lange, ya kai wannan asibiti. Yakan haɗa ruwan ƙashin bayan majiyyaci da ruwan zinariya cikin kwalabe 10, yadda launi ya sake kuwa shi ke nuna ko tunjere ya kai ƙwaƙwalwa. A 1971 aka iya manna wa ƙwayoyin zinariya sojojin garkuwar jiki, waɗanda kowannensu abu ɗaya tak yake kamawa. A 1997 Chad Mirkin da abokan aikinsa a Amurka suka sa su gane ƙwayar halitta ta gado, ruwa yana sakewa daga ja zuwa shuɗi.

Amfanin duk wannan ya fito fili a wuri irin Treichville. A 1988 gwamnatin Kwaddibuwa da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka kafa aikin bincike mai suna RETRO-CI a babban asibitin unguwar, Dokta Kevin De Cock yana shugabanta. A 1990 suka ba da rahoto cewa ciwon sida, watau ƙanjamau, shi ne ya fi kashe maza baligai a Abijan. A lokacin nan sai an ɗebi jini an kai ɗakin bincike, a ce wa mutum ya komo bayan kwanaki. Mata masu ciki da yawa ba su komo ba, waɗansu don tsoro, waɗansu don kuɗin mota. Balle fa ɗan fatauci wanda ya riga ya ɗaure goronsa zai nufi Maraɗi ko Kano. Kuskure ne a ce sakaci ne kawai. Jiran mako guda da irin wannan tambaya a zuciya ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi kuwa a 1999 bincike a Abijan ɗin ya nuna cewa in an ba mai ciki maganin AZT a watan ƙarshe, jarirai da yawa sukan tsira. Amma ba a ba da magani sai an san mai ɗauke da ciwon.

Gwajin gaggawa ya rufe wannan giɓi. Jini yakan bi takardar kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya kwashi ƙwayoyin zinariya a hanya. In abin da ake nema yana cikin jinin, sai ya riƙe su a wuri guda, su taru har ido ya ga ja, cikin minti 15 zuwa 20. Layi na biyu yana nuna cewa takardar ba ta lalace ba. Ba kowace ke da zinariya ba, wata da wani sinadari dabam ake yinta. Kuma layi ɗaya ba ya yanke hukunci a kan sida, sai an sake gwaji da wata irin takarda, musamman da yake a Kwaddibuwa ƙwayar ciwon iri biyu ce.

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, sai takardun suka shiga ƙauyukan da ba wutar lantarki. Da annobar korona ta zo a 2020, irin jan layin nan aka yi ta jira a filayen jiragen sama.