Bambancin Shiyyoyi wajen Shan Magungunan Kashe Zafi ba bisa Ƙa'ida ba a Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda shan tiramadol da kodin ba da umarnin likita ba ya bambanta tsakanin shiyyoyin Nijeriya, bisa ƙididdigar ƙasa ta 2018. Ta nuna cewa jimillar masu shaye-shaye a shiyya ba ta isa ma'aunin matsalar ƙwaya ba, sai an bi sawun hanyar da maganin ke isa hannun mai sha.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta gudanar da binciken tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, aka fitar da rahoton a 2019. An gano mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi shaye-shaye a shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi dangin tiramadol, miliyan 2.4 kuma maganin tari irin mai kodin. Kudu maso Yamma ce kan gaba da kashi 22.4, Arewa maso Gabas 13.6, Arewa maso Yamma 12, Arewa ta Tsakiya 10.

Tattaunawa

Waɗannan alƙaluma sun saɓa wa abin da aka saba ji, cewa ƙwaya cutar Arewa ce. Sai dai a yi hattara da su. Tabar wiwi, mai masu sha miliyan 10.6, ita ta rinjayi jimillar, don haka kason shiyya ba hoton tiramadol ba ne kai tsaye. Ga kuma kunya. Rahoton ya ce ɗaya cikin huɗu na masu shaye-shaye mace ce, amma matar aure da ke cikin kulle a Kano ko Zariya da wuya ta faɗa wa baƙon mai tambaya cewa tana shan kodin, don haka a ganina kason matan Arewa ya fi abin da aka rubuta.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne hanyar samu. A Amurka takardar likita ce ta buɗe ƙofar shan irin waɗannan magunguna tun fitowar OxyContin a 1996. A nan yawanci babu likita a tsakani. Kaya na sauka a tashoshin ruwa irin Apapa da Onne, su bi manyan kasuwannin magani na Idumota da Onica da Kano, su ƙare a kemis ko a faifan mai talla. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramadol mai miligiram 50 da 100 ne kawai, amma mai 225 aka fi kamawa. Lebura da ɗan acaɓa da mai noman ƙwadago suna shansa don su jure aiki. Wannan buƙatar jiki ce kafin ta zama maye, kuma wa'azi kaɗai ba ya kawar da ita.

A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani rahoton BBC kan shansa, Indiya kuma ta tsaurara fitar da tiramadol. Daga baya wani maganin kashe zafin, tafentadol, da aka gauraya da karisofurodol ya bayyana a kasuwannin Afirka ta Yamma. Ƙididdigar 2018 ta riga wannan sauyi, saboda haka duk kwatancen shiyyoyi da aka gina a kanta yau yana buƙatar sabon bincike da zai ware kowane magani jiha-jiha, tare da mata masu tambayar mata a cikin gidaje.