Tarihin Lissafin Fansho a Amurka: Daga Dokar 1935 Zuwa Yau

Gabatarwa

Karyewar tattalin arzikin Amurka a 1929 ta bar tsofaffi da dama hannu Rabbana, bayan bankuna sun durƙushe da ajiyarsu. Wannan ne ya kai ga dokar Social Security, wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu ranar 14 ga Agusta, 1935.

Faɗaɗar Dokar

Da farko ma'aikacin da ya yi ritaya kaɗai dokar ta sani. A 1939 aka shigar da matarsa da 'ya'yansa, da kuma iyalan ma'aikacin da ya rasu. A 1956 aka ƙara da waɗanda nakasa ta hana su aiki.

Ida May Fuller ta jihar Vermont ce ta fara karɓar fanshon wata-wata, a Janairun 1940. Dala 24.75 kacal ta zuba cikin shekara 3, amma kafin rasuwarta a 1975, tana da shekara 100, ta karɓi kusan dala 23,000. Labarinta ya nuna cewa tsarin ba asusun ajiya ba ne: ma'aikatan yau ne ke biyan tsofaffin yau.

Yadda Ake Lissafi

Ana cire kashi 6.2 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki shi ma ya biya daidai wannan. Sai mutum ya yi aikin kimanin shekara 10 kafin ya cancanci fanshon tsufa.

Lissafin da ake bi a yau ya samo asali ne daga gyaran 1977. Ana ɗaukar shekaru 35 da mutum ya fi samun albashi, a daidaita su da hauhawar albashi a ƙasa, a fitar da matsakaicin abin da yake samu a wata. Daga nan sai a raba shi mataki uku: a mayar masa da kashi 90 cikin ɗari na matakin farko, kashi 32 na biyu, kashi 15 na uku. Ta haka mai ƙaramin albashi yake samun kaso mafi tsoka na abin da ya saba samu.

Gyaran 1983 ya ɗaga shekarun cikakken fansho daga 65 zuwa 67 ga waɗanda aka haifa daga 1960. Wanda ya fara karɓa yana da shekara 62 ana rage masa kashi 30. Da wannan ma'auni ake lissafa wa nakasasshe, sai dai da shekarun aiki kaɗan. Matar mamaci da ta cika shekarun fansho tana karɓar kason mijinta cikakke, maraya kuwa kashi 75. Tun 1975 ake ƙara kuɗin gwargwadon tsadar rayuwa, kuma galibi ta banki ake biya kowane wata.

Kammalawa

A 1960 ma'aikata 5 ne ke ɗauke da mai karɓa ɗaya. Yau ba su kai 3 ba. Shi ya sa muhawarar gyaran wannan lissafi ba ta mutu ba a majalisar dokokin Amurka.