Kalmar "fararre" da hujjar samuwar Allah

Hujjar daɗaɗɗiya ce: duniya fararriya ce, kowane fararre kuwa sai da mai fara shi. Ta bazu a ƙasar Hausa ta hanyar Ummul Barahini, littafin Sanusi na Tilimsan (rasuwa 1490), wanda malaman zaure ke fassara wa almajirai da baki. Mun lura cewa "haadis" ta Larabci abin da ya auku take nufi, alhali "fararre" sifar abin da aka aikata ce, kamar "dafaffe". Ke nan fassarar ta riga ta ɗauke rabin aikin hujjar. Maganar ba ta tsaya a zaure ba: wasu malamai sun kafirta talakan da bai iya kawo dalilin ba, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (rasuwa 1817) ya yi musu raddi, ya tabbatar da musuluncinsa.