Laburaren Dundaye da Takardun da Doka ta Manta

Mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana Dundaye, cikin ƙaramar hukumar Wamakko, kuma a can Laburaren Abdullahi Fodiyo yake. An kafa jami'ar a 1975, lokacin da kuɗin fetur ke kwarara, amma tun ba ta gama zama da gindinta ba tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira. Mujallun ilimi na ƙasashen waje kuwa da dala ko fam ake sayen su. Shi ya sa a laburaren jami'o'inmu da dama za ka bi jerin kundayen mujalla guda a kan kanta, shekara bayan shekara, sai ka ga sun tsaya cak.

Maganin da aka samo bayan yarjejeniyar ASUU ta 1992 shi ne harajin ilimi na 1993, kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni a lokacin, wanda dokar 2011 ta mayar da asusunsa TETFund. Asusun ya yi aiki, wannan ba a musu: an yi gine-gine, an sayo littattafai da kwamfutoci. Sai dai akasari kuɗi ne na gini da saye. Man janareto da albashi suna wuyan kasafin yau da kullum, wanda faɗuwar naira tun daga 2023 ta ƙara rage masa auki.

Babban gibin, a ganina, yana cikin dokar kanta, domin manyan makarantun gwamnati kaɗai ta sani. Ɗalibin da ke nazarin Daular Usmaniyya dole ya haye gulbin Rima ya shiga gari, ya nufi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, wanda na jiha ne, ba shi da kaso a asusun. Can ne rubuce-rubucen hannu suke, Larabci da ajami: warƙoƙi marasa ɗinki, wasu cikin gafaka, tawada ta fara cin takarda. Ƙurar hunturu, danshin damina da gara ba sa jiran a saki kuɗin kasafi.

Wani zai ce harajin ilimi ba na gidajen tarihi ba ne. To, amma digirin da jami'a ke bayarwa a Tarihi, Larabci da Hausa kan waɗannan takardu ya dogara. Kamata ya yi a bai wa jami'a damar kashe wani kaso na tallafin laburarenta wajen gyara su, ɗaukar hotonsu da horar da masu iya karanta hannun magabata.