Tarihin Takardun Gargaɗin Kamfanonin Intanet Kan Satar Fasaha

Takardar gargaɗin da kamfanin intanet ke aika wa mai layi kan sauke waƙa ko fim ba da izini ba ta samo asali ne daga yadda musayar fayil tsakanin kwamfuta da kwamfuta ke gudana. A wannan tsari mai saukewa shi ne kuma mai bayarwa. Napster ce ta yaɗa wannan ɗabi'a daga 1999, kotu ta durƙusar da ita a 2001, shekarar da Bram Cohen ya fito da BitTorrent, inda ake yanyanka fayil gutsure-gutsure, mutum na karɓa daga wasu yana miƙa wa wasu. Duk wanda ya shiga musayar yana ganin adireshin IP na sauran, don haka masu haƙƙin mallaka sukan shiga su ma su kwashi adireshi. Sai dai kamfanin da ya sayar da layin ne kaɗai ya san wanda ke riƙe da wannan lamba a wannan sa'a. Dole ce ta sa aka biyo ta kansa.

Kotu aka fara gwadawa. A Satumban 2003 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta maka mutum 261 a kotu, kuma kafin ƙarshen 2008 waɗanda ta bi sun kai dubun-dubata. An yanke wa wata mata a jihar Minnesota diyyar dala 222,000 saboda waƙoƙi 24. Irin wannan hukunci ya jawo wa kamfanonin baƙin jini, musayar kuma ba ta tsaya ba. A Disamban 2008 RIAA ta ce ta daina kai mutane ƙara, za ta nemi haɗin kan kamfanonin intanet.

Faransa ta sa abin cikin doka a 2009, zamanin Nicolas Sarkozy, ta kafa hukumar Hadopi. Matakai uku ne: saƙon imel, wasiƙar da ake sa hannu kafin a karɓa, sannan miƙa batun ga masu gabatar da ƙara. Dokar ta tanadi hukuncin yanke layi, amma tun a wannan shekara Majalisar Tsarin Mulki ta ce alƙali kaɗai ke da ikon yanke wa mutum intanet. Abin lura shi ne laifin da ake tuhumar mai layi da shi: sakaci wajen tsare layinsa, tunda da wuya a tabbatar da wanda ya zauna gaban kwamfutar a gidan da miji da mata da 'ya'ya da baƙi ke amfani da layi ɗaya. An soke hukuncin yanke layi a 2013, a 2022 kuma aka narkar da Hadopi cikin sabuwar hukumar Arcom.

Amurka ta bi hanyar yarjejeniya. A 2011 kamfanonin fim da na waƙa suka daidaita da manyan kamfanonin intanet biyar, wato AT&T, Cablevision, Comcast, Time Warner Cable da Verizon, tsarin kuma ya fara aiki a Fabrairun 2013. Gargaɗi shida ne. Na farko da na biyu faɗakarwa ce kawai. Na uku da na huɗu sai mai layi ya tabbatar ya gani. A na biyar da na shida ana iya rage masa saurin layi ko a tsayar da shi a wani shafin wayar da kai. Mai ganin an zalunce shi sai ya biya dala 35 a duba ƙorafinsa. An aika gargaɗi miliyan 1.3 a watanni goma na farko, aka rufe shirin a Janairun 2017. A Kanada, inda doka ta wajabta wa kamfanoni isar da takardar tun 2015, wasu masu haƙƙi sun riƙa cusa buƙatar kuɗin sasanci a ciki don tsoratar da jama'a, har aka haramta hakan a 2018.

Raunin waɗannan tsare-tsare iri ɗaya ne. Takardar tana razana mai ƙaramin laifi, gwanin satar fasaha kuwa ya ɓoye adireshinsa da VPN ko ya koma shafukan kallo kai tsaye, waɗanda wannan sa ido ba ya kamawa. Zuwan Spotify da Netflix da kuɗin wata mai sauƙi ya janye mutane da yawa daga musayar ba tare da barazana ba.

Daga nan masu haƙƙi suka juya kan kamfanonin intanet kansu. Dokar Amurka ta DMCA ta 1998 tana kare kamfani daga laifin abokan hulɗarsa ne da sharaɗin yana da tsarin sallamar masu maimaita laifi, takardun gargaɗin da ya karɓa kuma sun zama hujjar cewa ya sani. A 2019 masu taya alƙali hukunci a Virginia suka ɗora wa kamfanin intanet na Cox Communications diyyar dala biliyan ɗaya a ƙarar da Sony da wasu kamfanonin waƙa suka shigar. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke adadin a 2024, a 2025 kuma Kotun Ƙoli ta amince ta saurari shari'ar.