Tunkun juda da fataucin turare

A kudu da Yamai akwai babban gandun daji da ake kira W. An kafa shi a 1954. Baƙi sun yi shekaru suna sauka a masaukin Tapowa don su ga giwa da ɓauna da zaki. Amma dabbobin da suke zuwa har bakin ɗakin kwana ƙanana ne. Da rana kurege, da dare bushiya da zomo da gafiya. A cikin masu yawon daren akwai tunkun juda. Wasu suna ce masa jibda.

Ya fi kyanwa girma sosai, nauyinsa yakan kai kilo 15. Jikinsa toka-toka ne da ɗigon baƙi. In ya fusata sai gashin gadon bayansa ya miƙe. Yana cin ƴaƴan itace da ɓeraye da ƙwari, har ƙadandoniya da sauran dabbobi suke ƙi. A ƙarƙashin wutsiyarsa akwai wata ƴar jaka mai fid da maiƙo kamar man shanu. Wannan maiƙo shi ne juda. Ɗanyensa wari gare shi, ba ka so ka matso. In an ɗiba kaɗan an gauraya da wani turare, ƙamshin ya daɗe bai gushe ba.

Kakanninmu sun san wannan. Sukan kama tunku da rai, su sa shi cikin keji, su riƙa ba shi nama. Bayan ƴan kwanaki sai a danne shi, a kankare jakar da ɗan cokali. Abin da ake samu a mako bai wuce giram 3 ko 4 ba. Shi ya sa juda take da tsada. Gaskiya dabbar tana shan wuya a kejin nan.

Fatake suna haɗa juda da fata da tufafi, ayari ya ratsa hamada da su zuwa arewa. A 1819 wani Bature ɗan Ingila mai suna Lyon ya zauna a Murzuk, cikin Libiya ta yau. Ya rubuta kayan da ake kawowa daga ƙasar Hausa, kuma juda tana ciki. Sunan ma daga Larabci ya fito, wato zabad.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya zuwa bakin teku, ayarin hamada ya ja baya. A 1926 kuma wani masani a Turai mai suna Ruzicka ya gano tsarin sinadarin da yake ba juda ƙamshi. Daga baya masana'antu suka koyi haɗa irinsa ba tare da tunku ba. Kiwon tunku ya fi saura a ƙasar Habasha. A can ana zuba juda cikin ƙahon sa, ana sayar wa masu yin turare na waje.